Daga Japan zuwa Kebbe: Yadda sauya murya ke mayar da shirin waje abin dariya

A shagunan tura fim a waya na Kebbe da Tambuwal, matasa na yawan neman fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita da ke Kano. Gishirinta shi ne barkwancin da mai fassara ke cusawa, ko da babu shi a asalin fim ɗin.

Dabarar ta daɗe. Tsakanin 2003 da 2007, tashar Spike ta Amurka ta nuna MXC, wanda aka gina da hotunan gasar Takeshi's Castle ta Japan, inda 'yan takara ke faɗawa cikin taɓo. An goge muryoyinsu, aka ɗora musu sabbin sunaye da zolaya.

Aikin ba ya cin kuɗi kamar shirya fim, shi ya sa 'yan Kannywood ke kukan fassara na cinye musu kasuwa.