DA WANE MUDU ZA MU AUNA 'YAN TAKARAR SHUGABAN ƘASA?

Duk wanda ya saba bi ta 220 Logements a Adjamé da sassafe ya san cincirindon da ake yi a gaban allunan masu sayar da jarida, ba da nisa da ofishin Fraternité Matin ba. Yawancin mutanen ba saye suke yi ba, kanun labarai kawai suke karantawa, shi ya sa mutanen Abijan suka raɗa masu suna "titrologues". Le Patriote ta yabi gwamnati, Notre Voie ta kushe ta, Le Nouveau Réveil kuma ta kare PDCI. Daga nan gardama ta bi mutane cikin gbaka, ta sauka a rumfar garba, ta kwana a majalisar shayi. In abin ya yi zafi sai ka ji wani ɗan boko ya ce, "Ai wane ɗan hagu ne, wane kuma ɗan dama." To, mai karatu, mene ne hagu da dama a siyasa, kuma shin wannan mudun yana auna abin da ya dame mu, mu Hausawan wannan ƙasa?

ASALIN HAGU DA DAMA

Maganar ta samo asali ne daga majalisar Faransa a shekarar 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman canji kuma a hannun hagu. A yau ɗan hagu shi ne mai son gwamnati ta riƙe manyan kamfanoni ta kuma tallafa wa talaka, ɗan dama kuwa mai son a sakar wa 'yan kasuwa mara. Mu ma a gida ba baƙon abu ba ne. NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, jam'iyyar talakawa ce, haka Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar. A 1989 ma Janar Babangida ya ƙirƙiro wa Nijeriya jam'iyyu biyu, ya ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC ta ɗan karkata dama.

Masana suna da hanyoyin awon wannan aƙida. Wasu kan ɗauki kundin manufofin jam'iyya su ƙirga jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya, su ga nawa ne ke yabon kasuwa, nawa ne ke neman tallafin gwamnati. A Amurka, malamai biyu, Poole da Rosenthal, sun ƙirƙiro wata hanya a shekarun 1980 ta ƙirga duk ƙuri'un da ɗan majalisa ya taɓa kaɗawa, domin a auna shi da aikinsa, ba da bakinsa ba. Bari mu gwada a nan Kodibuwa.

MUDUN YA ƘI CIKA

A takarda abin mai sauƙi ne. Laurent Gbagbo, malamin tarihi, wanda ya kara da Houphouët-Boigny a zaɓen 1990 ya sami kashi 18 cikin ɗari, ɗan gurguzu ne, kuma jam'iyyarsa ta wancan lokaci, FPI, tana cikin ƙungiyar 'yan gurguzu ta duniya har 2011. Alassane Ouattara, tsohon gwamnan bankin BCEAO kuma tsohon mataimakin shugaban Asusun Lamuni na Duniya, mutumin kasuwa ne. Marigayi Henri Konan Bédié, magajin Houphouët a PDCI, shi ma yana wajen dama.

Amma gani ya kori ji. A zamanin Gbagbo, ɗan gurguzu, aka miƙa wa kamfanin Bolloré na Faransa tashar kwantena ta Vridi. Inshorar lafiya ta kowa da kowa, wadda Gbagbo ya yi alkawari ya kuma yi wa doka a 2001 amma ba ta kankama ba, sai a hannun Ouattara, mutumin kasuwa, ta fito da sunan CMU a ƙarƙashin dokar 2014.

Sannan a dubi ƙawance. A 1995 FPI ta Gbagbo da RDR ta magoya bayan Ouattara sun haɗa kai suka ƙaurace wa zaɓen Bédié. A 2005 Bédié da Ouattara suka kafa RHDP a birnin Paris domin su kayar da Gbagbo, kuma ƙuri'un Bédié ne suka ɗaga Ouattara a zagaye na biyu na 2010. A 2018 suka raba gari, a 2019 sai ga Bédié ya je Brussels gaida Gbagbo. Wato kowane biyu daga cikin ukun sun taɓa haɗuwa a kan na ukun. In da hagu da dama ne ke raba su, da hakan ba ta yiwu ba.

ABIN DA YA RABA SU DA GASKE

Tambayar da ta fi kowace girgiza ƙasar nan tun rasuwar Houphouët a Disambar 1993 ita ce: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin a cikinmu akwai mai takardar Nijar, akwai mai ta Nijeriya, akwai kuma wanda a Treichville aka yanke cibiyarsa da ta ubansa, amma sunansa kaɗai ya isa a tsare shi a shingen jandarma.

Houphouët ya buɗe ƙofa. Ya ce ƙasa ta wanda ya noma ta ce, kuma har zaɓen 1990 baƙi 'yan Afirka suna kaɗa ƙuri'a. Gbagbo, ɗan hagu, yana cikin waɗanda suka fi sukar wannan ƙuri'a ta baƙi, aka kuma soke ta a 1994. Katin zaman baƙi, wato kart de sejur, wanda dattawanmu ba za su manta da wahalarsa ba, an fara aiki da shi ne a 1991, lokacin Ouattara yana firayim minista. Bédié ya zo da aƙidar "ivoirité", kuma a mulkinsa aka yi dokar filaye ta Disambar 1998 wadda ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar filin karkara. Tsarin mulkin 2000 ya ce sai wanda uwarsa da ubansa duka 'yan asalin ƙasa ne zai yi takara, aka kuwa hana Ouattara tsayawa a wannan shekara. Sai kuma ga Gbagbo, a Nuwambar 2007, ya soke kart de sejur ga 'yan ƙasashen CEDEAO. Tsarin mulkin 2016, a zamanin Ouattara, ya sassauta sharaɗin ya koma uwa ko uba.

Mai karatu ya lura, babu ɗaya daga cikinsu da mudunsa ya cika fal, babu kuma wanda nasa ya zama wayam. Kowa ya ba mu da hannu ɗaya, ya karɓe da ɗayan. Kuma maganar ba ta mutu ba. A Afrilun 2025 kotu ta cire Tidjane Thiam, shugaban PDCI kuma jinin gidan Houphouët, daga rajistar masu zaɓe a kan batun takardar zama ɗan Faransa da ya taɓa riƙewa. Gbagbo ma bai sami tsayawa ba saboda hukuncin kotu da ke kansa. Ouattara ya ci zaɓen Oktoban 2025 da kusan kashi 90 cikin ɗari.

MUDUNMU NA KANMU

Tunda mudun Turawa bai ishe mu ba, ga tambayoyi huɗu da ya kamata kowace majalisa tamu ta riƙa yi wa duk mai neman mulki, daga magajin gari har shugaban ƙasa.

Ta farko, takarda. Yaron da ya cancanci takardar zama ɗan ƙasa, zai same ta ba tare da an dubi sunan kakansa ba?

Ta biyu, kasuwa. A 2024 hukumar birnin Abijan ta rushe gidaje a Boribana da Gesco, ta kuma hana talla a bakin manyan tituna. Gyaran birni abu ne mai kyau, amma ina aka tanadar wa mai tebur da mai tura kaya?

Ta uku, harshe. In ɗan takara ya shiga matsi, wa yake ɗora wa laifi? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ta huɗu, faɗuwa. In ya sha kaye zai yarda? Rikicin bayan zaɓen 2010 ya ci rayuka kimanin 3,000, kuma Adjamé ta ga abin da ta gani.

A auna kowa da abin da ya yi lokacin da yake da iko, ba da abin da ya faɗa a dandalin kamfe ba. Masu takardar ƙasa su yi rajista, su yi zaɓe da idonsu buɗe, kada su sayar da ƙuri'a a kan buhun shinkafa. Waɗanda ba su da ita kuwa su kiyayi yin katin ƙarya, su kuma kiyayi shiga zanga-zangar kowace jam'iyya, domin in ƙura ta tashi baƙo ake fara nunawa da yatsa. Shugabannin al'umma da limamanmu su ma kada su ɗaure mu duka a gindin mutum ɗaya, tunda mun ga yadda abokan jiya ke zama abokan gaba yau.

Allah Ya ba ƙasar nan shugabanni masu adalci, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.