Tsohon kan jirgin tashar Minna: shin shi ne na Wushishi?

A tashar jirgin ƙasa ta Minna akwai wani ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi da aka ajiye don tarihi. Abin da ake faɗa a kansa shi ne, kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila ne ya ƙera shi a 1901, kuma shi ne inji na ɗaya na layin Wushishi, wato kan jirgi na farko da ya taka ƙasar Arewa. Daga nan kuma sai bakin jama'a ya yi ta ƙari. Wani ya ce shi ne na farko a Nijeriya kaf, wani ya ce shi ya ja taragu daga Baro zuwa Kano.

Waɗannan biyun ba su da wuyar warwarewa. Layin Ikko ya riga ya isa Ibadan tun farkon 1901, kafin a buɗe na Wushishi a ƙarshen shekarar. Batun Baro kuwa, tef ɗin awo ya isa. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, irin wanda ya ratsa Minna har yau. Na Wushishi ƙafa 2 da inci 6 ne. Injin da aka ƙera wa siririn layi ba zai hau mai faɗi ba. Ke nan baƙo ne a Minna, ɗauko shi aka yi aka kawo.

Asalin layin nasa buƙatar Gwamna Lugga ce. Ya zaɓi Zungeru ta zama hedikwatar mulkinsa, amma jiragen ruwa masu hawowa Kogin Kaduna da kaya ba sa iya kaiwa can. Sai aka shimfiɗa dogo daga Wushishi zuwa Zungeru, a 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko, duka tsawon kamar mil 22. Bai yi tsawon rai ba. Da babban layi ya iso yankin, aka tumɓuke shi aka kwashe kayansa zuwa sabon siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau Jos da Bukuru don jigilar kuza. Wannan sabon layin ya yi aiki har 1957.

A nan ne tambaya ta gaskiya take. Inji da ya bar layinsa na asali, ya shiga cikin wasu injina masu faɗi ɗaya da shi, ya yi shekaru a hannun makanikan reluwe, da me za a gane shi? Lambar da aka rubuta da fenti a jikinsa ba hujja ba ce. Hukumomin jirgi sukan sake wa injina lamba duk lokacin da aka haɗe layuka, kuma an yi irin wannan haɗewa a 1912 tsakanin layin Ikko da na Baro. Tukunyar tururi ma ba ta zama shaida ita kaɗai, domin takan ci wuta ta lalace, a sauke ta a ɗora wata. Haka ƙafafu da sandunan da ke juya su: idan injina biyu iri ɗaya suka kwanta, makaniki zai kwance na wannan ya tada wancan, ba ruwansa da masu tarihi da za su zo bayan shekara ɗari. Ko sunan kamfani bai wadatar ba, tunda taragon cikin garin Ikko da aka buɗe a 1902 shi ma ƙafa 2 da inci 6 ne, kuma Hunslet ne ya ƙera masa injina.

Masu bin diddigin irin wannan abu sukan yi yadda mai sayen mota ke yi, ya bar lambar da ke manne a gaba ya duƙa ya nemi ta casis. Kowane inji yana fitowa daga masana'anta da lambarsa ta ƙira, a kan wani farantin ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfani da shekara. Farantin yana iya ɓacewa ko a musanya shi. Amma maƙera sukan buga lambar a jikin wasu sassa, a ƙashin injin da sandunansa, inda fenti da tsatsa suka rufe. Sai a kankare a hankali a karanta, a ƙirga ƙafafu, a auna tsayi da faɗi, sannan a gwada da rajistar kamfanin, wadda takan nuna wanda ya yi oda da inda aka aika. Idan lambobin suka zo ɗaya, magana ta ƙare. Idan suka saɓa, galibi ana bin ta ƙashin, domin shi ne ba a cika canzawa ba.

A ganina wannan bincike ba zai rage wa injin Minna daraja ba, kowace amsa ya bayar. Abin da zai rage masa ita shi ne ruwan damina da tsatsa, masu cinye rubutun da ke jikin ƙarfe, da kuma masu kwance tsofaffin ƙarafa su kai kilo. Aikin ba na miliyoyi ba ne. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da gwamnatin Jihar Neja su tura masani da makaniki su karanta lambobin, su ɗauki hotunansu, su rubuta abin da suka gani a allo da Hausa da Turanci a gefen injin.