BABUR MAI ƘAFA HUƊU: INA IYAKAR GUDUNSA?

Ran 15 ga watan Yuni, 1968 babur mai ƙafa huɗu irin na yau bai fito ba tukuna. Shekara 40 daidai bayan wannan rana, watau ran 15 ga watan Yuni, 2008, wani Ba'amurke mai suna Terry Wilmeth ya hau irin wannan babur a filin jirgin sama na Madras, cikin Jihar Oregon, ya yi gudun kilomita 315 cikin awa guda, watau mil 196. Littafin Guinness ya rubuta wannan bajinta. Amma fa babur ɗin nasa ba irin na kanti ba ne. Ƙirar Yamaha Raptor ce wadda aka sāke mata fasali, aka kuma ɗaura mata roka a baya.

To, wanda mutum zai shiga kanti ya saya da kuɗinsa fa, ina iyakar gudunsa?

Asalin abin daga Japan yake. A 1970 kamfanin Honda ya kai wani ɗan babur mai ƙafa uku kasuwar Amurka, mai manyan tayoyi masu taushi, don ratsa rairayi da taɓo da ƙanƙara. Nan da nan samari suka mai da shi abin tsere, kamfanoni kuwa suka shiga ƙara wa injinsa ƙarfi. Sai haɗari ya yawaita, domin mai ƙafa uku ba ya da wuyar kifewa a kan kwana. A 1988 gwamnatin Amurka da kamfanonin suka ƙulla yarjejeniya, aka daina sayar da sababbi a ƙasar.

Kafin wannan lokaci kamfanin Suzuki ya riga ya fito da mai ƙafa huɗu a 1982, a 1985 kuma ya ƙera na tsere zalla, LT250R. Daga nan gasa ta ɓarke. Shekarar 1987 ta zo da guda biyu waɗanda har yau ake labarinsu. Na farko shi ne Suzuki LT500R, wanda mahaya suka yi wa laƙabi da Quadzilla saboda girmansa, gudunsa ya kusa kilomita 130 cikin awa guda. Na biyu shi ne Yamaha Banshee mai silinda biyu, wanda ke kaiwa wajen kilomita 120. Dukansu suna da irin injin nan da ake garwaya wa fetur da man inji, mai ƙara da hayaƙi. An daina sayar da Banshee a Amurka bayan 2006, lokacin da dokokin hayaƙi suka tsananta. Wanda ya gāji filin shi ne Yamaha Raptor 700, mai nauyin kilo 190 ko sama kaɗan, shi ma gudunsa wajen kilomita 120 ne.

Abin lura a nan shi ne, cikin shekara 30 da ɗoriya injuna sun ƙara inganci ƙwarai, amma iyakar gudun tana nan kusan inda take. Wannan ba kasawar maƙera ba ce. Ƙirar babur ɗin ce ta yanka masa iyaka.

Da fari dai, tayoyinsa ba a cika musu iska sosai, don su shimfiɗu a kan rairayi kada su nutse, taya mai taushi kuwa ba ta son matsanancin gudu. Na biyu, ƙafafun baya na yawancin masu tsere sanda guda ce ta ƙarfe ta haɗa su, saboda haka tare suke juyawa. A mota, tayar waje ta fi ta ciki saurin juyawa in an zo kwana. A nan kuwa babu wannan dama, sai mahayi ya karkata jikinsa, tayar ciki ta ɗan sulɓe a ƙasa. Shi ya sa kwalta ta zama abokiyar gābarsa: tana riƙe taya gam, maimakon sulɓewa sai babur ya ɗaga ya kife. Na uku, gajere ne, mazauninsa kuma bisa yake, ga mahayi a fili iska na dukan ƙirjinsa.

Bugu da ƙari, masu tsere da kansu ba iyakar gudu ce ta fi damunsu ba. Mai hawan tudun rairayi, irin na Glamis a Jihar Kalifoniya, ƙarfin fizga yake nema. Bakanike na iya sāke haƙoran da sarƙa ke bi, gudu ya ƙaru, amma sai fizgar ta ragu. Ko a gasar Dakar, inda aka ware wa waɗannan babura rukuninsu daga 2009 har 2024, juriya da sanin hanya su ne suka ba Ignacio Casale na ƙasar Chile nasara sau uku, a 2014 da 2018 da 2020, a kan Yamaha.

Sauran magana ita ce ta rai. Mai gudun kilomita 120 yana cin mita 33 cikin daƙiƙa guda, watau zai ratsa filin ƙwallo cikin daƙiƙa uku. In rami ya ɓullo a gabansa, kafin hannunsa ya kai ga birki ya riga ya isa bakinsa. Kuma in an ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkuwa. A Amurka ɗaruruwan mutane ke rasa rayukansu kowace shekara a kan waɗannan babura, da yawa daga cikinsu a kan titi, cikinsu har da yara.

Saboda haka ne kamfanonin ke manna gargaɗi a jikin kowane babur: a sa hular kwano, kada a yi goyo, kada a hau kwalta, kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya hau na manya. Ƙananan da ake ƙera wa yara kuwa suna da wani ƙusa a jikin totur wanda uba zai ɗaure ya rage gudun. Ga wanda ke niyyar saye, wannan gargaɗi ya fi cancantar karatu bisa ga lambar da ke ƙarshen maleji. Hausawa dai sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa.