Idan Ɗaya Gwiwar Ta Fara Ciwo

Sau da yawa wanda aka yi wa tiyatar sauya gwiwa, bayan ya yi hamdala bisa sauƙin da Allah Ya ba shi, sai ya wayi gari ɗaya gwiwar, wadda wuƙar likita ba ta taɓa ba, ta fara yi masa zogi. Sababin wannan al'amari a fili yake, domin kuwa tun zamanin da yake ɗingishi har zuwa makonnin jinya ita ce ke ɗauke da galibin nauyin jiki, ga shi kuma amosanin gaɓɓai, mai cinye guringuntsi, bai cika kama gwiwa guda ya ƙyale 'yar'uwarta ba.

Abin da ya wajaba shi ne mutum ya lazimci motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya, ya riƙe sanda da hannun da ba na ɓangaren ciwon ba, ya kuma rage ƙiba, tun da yake kowane kilo guda da ya zube yana sauke wa gwiwa kimanin kilo 4 a kowane taku. Shari'a ma ta yi rangwame, cewa wanda tsayuwa ta gagare shi ya yi salla a zaune.

Amma idan sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, to a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba, domin mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya.