Matsayin Kan Allura a Garmaho



A wasu gidaje na ƙasar Rano da Kibiya har yanzu akan tarar da faya-fayen garmaho na Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos a ajiye cikin adaka. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya kuwa a 2015, saboda haka duk faifan da ya lalace, an yi hasarar wani ɓangare na tarihin waƙar baka. Makasudin wannan lacca shi ne bayyana ɓangaren garmaho da ya fi shafar zaƙin sauti da kuma lafiyar faifai.

A bakin hannun garmaho akwai wani ɗan akwati da ke riƙe da allura, wanda za mu kira kan allura. Sautin faifai yana rubuce ne cikin wani siririn kwari mai lanƙwashe-lanƙwashe. Yayin da allura ke bin kwarin sai ta riƙa kaɗawa, ta motsa ɗan maganaɗisu kusa da naɗin waya, daga nan a sami lantarki ƙalilan, misalin kashi 5 cikin 1,000 na bolt guda. Amfilifaya da lasifika ƙara masa ƙarfi kawai suke yi. Abin da kan allura bai tsinto ba, babu na'urar da za ta maido shi.

Amma fa masana sun yi saɓani. A shekarun 1970 Ivor Tiefenbrun, mai kamfanin Linn a Sukotilan, ya dage cewa farantin da ke juya faifai da hannun da ke ɗauke da allura su ne kan gaba. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin faifan da aka yi don ya juya sau 33⅓ a minti, in injin ya yi rawa, muryar mawaƙi ma rawa za ta yi, kome tsadar allura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni a ganina, wajen zaƙin sauti sassan uku tafiya ɗaya suke yi, amma wajen kare faifai kan allura ne ke da hukunci. Tsohon garmaho mai wani da hannu yakan danna allurar ƙarfe da nauyin da ya kai giram 100, ana kuma sauya ta bayan kowace fuska. Allurar daimon kuwa giram 2 ya ishe ta, kuma takan yi awa 500 zuwa 1,000 kafin ta cinye. In ta cinye, ko aka ɗora kwabo bisa hannun don kada ta yi tsalle, sai ta kankare bangon kwarin, abin da ta kankare kuwa ya tafi har abada. Ƙurar hunturu tana ƙara saurin wannan ɓarna.

Don haka, wanda ya gaji faifai ya goge shi kafin sakawa, ya ajiye shi a tsaye nesa da zafin rana, ya daidaita nauyin hannu, ya kuma sauya allura da wuri.