Masu Ɗaukar Hoton Baƙi da Fari a Kasuwar Raƙuma ta Pushkar

Duk shekara, wajen ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, garin Pushkar na jihar Rajastan a Indiya yakan cika maƙil da raƙuma da dawakai da masu ziyarar ibadar Hindu. Cikin cincirindon akwai waɗanda ba ciniki ya kawo su ba. Masu ɗaukar hoton baƙi da fari ne, masu sayar da aikinsu ga mujallu da littattafai da wuraren baje kolin hotuna.

Aikinsu yakan kankama ne da la'asar sakaliya. Da tsakar rana haske ya yi kaifi, rawani kuma yana rufe fuska da inuwa. Amma idan rana ta yi ƙasa, makiyaya suka soma kora dabbobi, ƙura ta tashi ta gauraya da hayaƙin girki, to kasuwar mai hoto ta buɗe. Sai ya fuskanci ranar kai tsaye, abin da ake hana ɗan koyo, ya rage hasken da ke shiga kyamara har raƙumi ya koma baƙar siffa, daga wuya sai tozo sai dogayen ƙafafu. Yakan kwanta rub da ciki a kan yashi domin ƙafafun su fito fili a jikin sararin sama. Raƙuma biyu suka haɗa jiki, siffa ta cakuɗe, hoto ya tashi a banza. Duk wannan cikin 'yan mintoci ne.

Me zai sa mutum ya zubar da launi a ƙasar jajayen rawuna? Hujjarsu ita ce launi yana ɗauke ido, ya hana mai kallo ganin tamojin fuska da kaushin hannun da ke riƙe da akala. A ganina sun yi gaskiya, ko da yake wasu raunin aikinsu kawai suke ɓoyewa.

Ƙurar da ke ƙawata hoton ita ke kashe kayan aiki, shi ya sa gwani ba ya sauya gilashin kyamara a fili. Har yau akwai masu riƙe da fim irin su Kodak Tri-X da Ilford HP5, kuma tun 2012 kamfanin Leica ya fito da kyamarar dijital da ba ta ɗaukar launi sam.

Abin da hotunan ba su cika nunawa ba shi ne halin makiyayan Raika. Ƙidayar dabbobi ta Indiya ta nuna raƙuma sun ragu daga kimanin 400,000 a 2012 zuwa 250,000 a 2019, kuma dokar Rajastan ta 2015 da ta taƙaita fitar da su daga jihar ta karya musu farashi. Sau da yawa makiyayi sai ya nemi 'yan rupi kafin ya tsaya a ɗauke shi, wasu baƙi kuma su yi ta ƙorafi.

Matashin da ke sha'awar sana'ar ba sai ya je Indiya ba, ga bikin Cure Salée na Ingal a Nijar, inda raƙuman Abzinawa ke taruwa a ƙarshen damina. Ya dai nemi izinin mai raƙumi tukuna, kuma ya sallame shi.