Gawo, Gyaɗa da Iskar Naiturojin

Daga cikin ayoyin hikimar Ubangiji waɗanda ɗan Adam ke gafala da su akwai iskar da masana ke kira naiturojin, wadda, ko da yake ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, babu tsiro ko dabbar da ke amfana da ita kai tsaye, sai ta hannun wasu ƙananan halittu da ido ba ya riskarsu. Manomi in ya tuge gyaɗa ya duba saiwar, zai ga 'yan ƙulle-ƙulle. In ya fasa ɗaya da farce ya tarar da cikinsa jaja-jaja, to, nan ne mazauninsu, inda suke sarrafa iskar ta zama abincin shuka. Beijerinck, wani masani ɗan ƙasar Holan, shi ya fara ware su a 1888.

Gawo, wanda sare shi don itacen girki babbar hasara ce, al'amarinsa ya fi ban mamaki, domin da damina yake zubar da ganye, ganyen ya ruɓe, gero ya sha albarkar naiturojin ɗin da ke cikinsa. Da rani dabbobi su ci 'ya'yansa su bar taki, sa'an nan wasu halittun cikin ƙasa su warware saura, su mayar da naiturojin ɗin sama.